Sunan da Na Kira Sau Ɗaya

Luggere, Jimeta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa gare ki, ke da kika san da ke nake. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Zariya lafiya, motar ba ta jijjiga miki ƙashi fiye da kima ba. Allah ya tsare ki a inda idonmu bai kai ba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da zazzaɓi da mugun abokin zama. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Labarin gari ba zan ba ki ba, don ba shi ya sa na ture ɗinki da hantsi na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa shi ne maganar da kika bar wa innarki. Kwana uku ta riƙe ta a ciki, ran na huɗu ta ajiye mini ita tare da tuwo. Ta ce kin ce idan kin gama karatu ba a Jimeta za ki nemi aiki ba, za ki roƙa a tura ki Maiduguri, tunda a gidan da ba a kiran sunan mutum, ba za a lura ba ya nan ba. Ta ce ba cikin fushi kika faɗa ba, kina ninke zannuwa ne kika faɗa, kuma wannan ya fi damuna. Tuwon nan ban ci ba, ni da ban bar tuwo ba ko ranar da aka cire mini haƙori.

Na san inda maganar ta samo asali. Ana jibi za ki tafi, kina zaune gindin darbejiya da littafin nan naki na sanin halayyar ɗan Adam, kina yi wa ƙannenki bayani. Ni ina zaure ina haɗa aljihun wata riga, sai na rage taka keken ɗinki don in ji. Kika ce halin mai rai iri biyu ne. Akwai wanda ake haihuwar mutum da shi, kamar jariri da ke kama nono ba wanda ya nuna masa, ko ido da ke ƙiftawa idan abu ya nufo shi, wannan kika ce halitta ce. Akwai kuma wanda ake tsinta a hanya, ta gani da maimaitawa da tsoron tsawa, wannan koyo ne, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi. Sai bakina ya ja ni. Na ɗaga murya daga zaure, ina fuskantar bango kamar yadda na saba idan da ke nake, na ce to a gaya wa masu littafi kunyar ɗan fari halitta ce, da ita Allah ya yi mu. Sai kika ce wa ƙaninki, ba ni ba: “Je ka tambayi Baba ko akuyarmu tana kunyar ɗanta na fari.” Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa na taka keke da ƙarfi har na ɗinke bakin aljihun, sai da na farke shi da reza.

Shekararki goma sha tara, kuma a cikinsu kin ji na kira ki da ke, da yarinyar nan, da wance, da mai littafi, amma ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba. Kakanmu ya taho da al'adar daga Kano tare da allurarsa, ya iske Fulanin Yola sun fi shi iya ta, ni kuma na auro innarki daga Adarawo, sai muka haɗa kunya biyu a gida ɗaya. Tun ranar da kika tafi nake jujjuya maganar littafin nan, sai na ga ashe na daɗe ina rikita halitta da koyo. Bari in jero miki wautata, ko kya tsira daga irinta.

Ta farko ta agwagi ce, kafin a haife ki. Innarki ta sa wa kazarta ƙwan agwagwa guda shida, ta ƙyanƙyashe su duka. Malam Bukar maƙwabcinmu, mutumin Barno, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce in jira damina in ga abin da za su yi. Na ce masa tarbiyya ita ce komai, abin da kaza ta rena kaza zai zama. Na yi musu shinge da kara, na hana su ganin ruwan da ya wuce na ƙoƙon sha, har ina tsugunawa ina nuna musu yadda ake tona ƙasa da ƙafa. Ranar da aka yi ruwan farko kududdufin bayan gida ya cika, iska ta kayar da shingen. Suka jeru su shida kamar 'yan makaranta, suka gangara, suka shiga, ba wanda ya waiwayo. Kaza tana bakin ruwa tana kuka, ni ina gefenta ina kira. Na naɗe wando na shiga in kamo su, santsi ya kwashe ni na zauna daram a cikin taɓo. Malam Bukar yana tsaye da lema, ya ce tarbiyyar ta yi kyau, ga shi har sun koya wa malaminsu iyo.

To, ke malama za ki zama, yaran mutane za a ba ki. Idan kin ga abin da aka haifi yaro da shi, kamar bahago, ko mai in'ina, ko wanda ƙara ke razana shi, kada ki ɗauki bulala ki ce za ki cire. Za ki gaji, shi kuma ya tsane ki, abin kuma yana nan inda yake. Ki nemi yadda za ki zauna da shi.

Ta biyu ta bara ce, kin ganta da idonki, sai dai ba ki san cikinta ba. Da gwamnati ta ce a bar hannun hagu a koma tafiya ta hannun dama, na ce a zaure wannan ba zai yiwu ba, domin jikin ɗan Adam hagu yake so idan ya hau basukur, haka aka yi shi. Shekara ashirin ina bin hagu, har na manta akwai ranar da aka koya mini. Ran farko na fito da niyya mai kyau, ina ta faɗa wa kaina dama, dama. Ina kaiwa kwanar Nassarawo wani ya gaishe ni, na amsa, kafin in gama tambayarsa iyali ƙafafuna sun mayar da ni hagu. Daga can ga jakin mai itace yana tahowa, shi kuma mai shi ya riga ya jawo shi sabon hannu. Jaki ya bi doka, ni na karya ta. Muka yi gaba da gaba, na faɗa kwalbati, basukur ya biyo ni. Na gaya muku a gida mota ce ta matse ni. Ba mota ba ce, jaki ne, kuma shi ke da gaskiya.

Wata uku na yi ina ɗaura jan ƙyalle a hannun basukur na dama. Yanzu ko a mafarki dama nake bi, idan wani ya ce mini hagu ce halitta sai in yi masa dariya. Abin da zan gaya miki a nan shi ne, idan kin ji bakinki ya ce haka nake, ba zan iya sauyawa ba, ki tsaya ki tambayi kanki wa ya koya miki, kuma yaushe. Sau da yawa za ki iske akwai rana, akwai kuma mutum. A Zariya za ki haɗu da masu cin abinci daban, masu gaisuwa daban, masu yi wa iyayensu magana ido cikin ido. Kada ki ce ba su da hali. Inda suka tashi haka aka koya musu, kamar yadda aka koya miki durƙuso.

Ta uku ta shafe ki, kuma ita ce ta fara nuna mini kunya tana da tsada, sai dai ban ɗauki darasin ba. Shekarar da aka samu mulkin kai kika dawo daga Adarawo, wurin Goggo yayar innarki, wadda ta riƙe ki tun daga yaye. Aka ce a kai yara makaranta. Ba wanda zai kai ki sai ni, don haka na sa ki a gaba, ina binki daga nesa kamar ba tare muke ba. Hedimastan baƙo ne, bai san al'adarmu ba. Ya buɗe rajista ya ce sunan yarinya. Na ce ita ta sani. Ke kuma kin ga baƙo da tabarau, kin ɓuya bayan rigata kin kama bakinki. Ya sake tambaya, na ce sunan ai sananne ne a unguwa. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni ko na tabbata 'yata ce, ba tsinto ki na yi a hanya ba. Iyaye sun yi layi a bayana, rana tana yi, ana ta tsaki. Daga ƙarshe wani malami ɗan gari ya gane, ya ce a riƙa kiran sunaye, ni in riƙa girgiza kai. Aka kira A'ishatu na girgiza, aka kira Hauwa'u na girgiza, aka bi su ɗaya bayan ɗaya har wajen goma sha biyu. Da aka zo kan naki sai na ɗaga kai na ƙura wa rufin kwano ido, kamar ina neman inda yake yoyo. Malamin ya ce a rubuta, wannan ne.

Ko a shago abin bai bar ni ba. Duk matar da ta aiko da ɗinki mai suna irin naki, a littafin awo sai in rubuta mai sunan gidanmu. Wata sallah suka zama su uku. Na haɗa wa wata ƙatuwar Hajiya riga da awon wata siririyar amarya, aka dawo mini da ita da saƙon da ba zan iya rubutawa ba. Saboda haka idan kina aji ba ki gane abu ba, ki ɗaga hannu ki tambaya, ko da ke kaɗai ce mace a ajin. Idan ba ki da lafiya ki faɗa wa likita abin da ke damunki da sunansa. Kunyar da ke hana mutum yin abin da ya wajaba a kansa ba ladabi ba ce, wahala ce kawai, kuma yawanci wani ne ke shan ta.

Yanzu ga wadda na hana kowa ya gaya miki. Na hana innarki, na hana Goggo, Malam Bukar ma sai da na ɗinka masa hula kafin ya yarda ya rufe baki.

Kina da shekara huɗu, aka yi haihuwa a dangin innarki a hayin Binuwai, muka shiga kwale-kwale za mu suna. Damina ce, kogi ya cika, lokacin da jiragen kamfani ke hawowa ɗaukar gyaɗa. Kina kan cinyar Goggo a tsakiya, ni na zauna can ƙarshe na juya muku baya, kada a ce ina kallon 'yar fari. Muna tsakiyar ruwa wani jirgi ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Na ji faɗuwar abu. Sai na ji wani mutum yana ƙwala kiran sunanki da wata irin murya kamar ana yanka shi, sau uku ko huɗu. Ina mamakin wane ne wannan marar kunya, sai na ji ruwa a hancina. Ashe ni ne, kuma har na riga na faɗa kogi.

Kin san ban iya iyo ba. Ni tela ne, jikan tela, ruwan da na sani shi ne na buta. Ga babbar riga mai aiki, ta sha ruwa ta zama kamar buhun gishiri. Ke kuwa ko nitsewa ba ki yi ba, matuƙin ya miƙa hannu ɗaya ya cafko zanenki ya ajiye ki a cikin jirgi. Ni sai da maza uku suka taru, ɗaya ya kama wuyan riga, ɗaya ya kama ƙafa, suka jawo ni kamar an kama giwan ruwa. Ina kwance ina aman kogi, ina tambayar ina take, ina take. Goggo ta dube ni, da Hausarta ta Yola, ta ce: “Yarinya ya fita tun ɗazu, kai ne muna nema.” Da na ɗan farfaɗo sai ta matso ta ƙara da cewa: “Kuma kowa ya ji abin da ka kira. Har kifi ya ji.”

Wata guda ban iya zama a majalisa ba. Duk inda na wuce sai wani ya yi tari, wani ya tambaye ni ko ruwa da sanyi. Na ɗauki ranar nan a matsayin ranar da na fi jin kunya a duniya, na binne ta. Sai da na ji bayaninki gindin darbejiya na tono ta na sake dubawa. Wa ya koya mini in faɗa kogi? Babu. Wa ya koya wa bakina kiran nan? Babu, hasali ma shekara huɗu ana koya masa kada ya yi. Ban yi shawara ba, ban tuna da mutane ba, ban ma tuna ban iya iyo ba. In akwai abin da aka halicce ni da shi game da ke, to wannan ne.

Kunyar kuwa na zauna na nemi ranarta, na kuwa same ta. Ranar sunanki ce. An gama raɗa suna, an yi addu'a, Goggo ta fito da ke zaure don maza su sa albarka. Na ga ɗan yatsanki ya fito daga cikin zane, hannuna ya miƙe da kansa zan karɓe ki. Sai kakanki, Allah ya jiƙansa, ya yi gyaran murya. Bai ko dube ni ba. Na mayar da hannun na sosa ƙeya kamar abin da na yi niyya ke nan. Gyaran murya ɗaya, na riƙe shi shekara goma sha tara. Shi ma na san wani ne ya yi masa, ba na ganin laifinsa. Laifina shi ne da na ɓoye miki ranar kogi na bar miki ranar zaure, har kika girma kina tsammani ita ce gaskiyata.

Ranar da za ki tafi ma ban daddara ba. Kin ga kamar ban zo tasha ba, alhali na zo tun kafin ku iso. Ina bayan wata motar busasshen kifi, ina leƙe, ƙuda suna bina. Na je wurin direbanku na ce akwai fasinja a kujerar baya, a kula da ita. Ya ce wacce, mata biyar ne a baya. Na ce mai littafi. Ya ce duk 'yan makaranta ne, kowacce da littafinta, in faɗi suna. Na ce to a kula da su duka, na koma bayan kifina. Da mota ta tashi na ga kin leƙo kina duba mutane ɗaya bayan ɗaya, kin duba har sau biyu, sannan kika mayar da kai ciki. Dariyar abin ta ƙare mini a nan. Na koma gida ina warin kifi, zuciyata ba daɗi, kuma har yau ba ta dawo daidai ba.

Ba ina ce miki ki yar da kunya ba. Da yawanta abu ne mai kyau, ita ke sa yaro ya tashi wa babba, ita ke sa mutum ya rufe asirin maƙwabcinsa, kuma in kin haifi naki kika ga kina son ki ɗan riƙe al'adar a gaban mutane, ba zan hana ki ba. Amma ki tabbata yaron ya san al'ada ce, kada ki bar shi ya yi ta lissafi shi kaɗai. Abin da kike ji game da mutum, in alheri ne, ki faɗa masa tun yana kusa.

Maganar Maiduguri kuma, ba zan ɗaure ki ba. In can Allah ya ajiye abincinki, ki je da albarkata, yaran can ma suna bukatar malama. Abin da ban yarda ba shi ne ki tafi don kina zaton ba a lura ba. An lura. Tun da kika tafi na kasa zama a zaure da la'asar, don a lokacin ne kike wucewa ki gaishe da bango, bango ya amsa.

Kin ce abin da aka koya ana iya sauya shi, shi ya sa na gwada kiran sunanki. Kwana biyar ke nan ina yi a shago. Da farko sai na taka keken ɗinki da ƙarfi don ƙararsa ta rufe, in faɗa a hankali. Jiya na faɗa keke yana tsaye. Yau da safe na shiga tsakar gida na faɗa a gaban innarki, ludayi ya suɓuce mata ya faɗa cikin koko, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in nemi tsari, girma ya fara taɓa ni. Amma na ga kafaɗunta suna rawa, kuma ba na jin dariya ce kaɗai.

Allah ya tsare ki, Rukayyatu. Allah ya buɗa miki karatu, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa ki gama lafiya, ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ya miki daɗi. Idan kin zo hutu kada ki wuce ciki kai tsaye. Ki tsaya a ƙofar zaure da akwatinki, ki jira har sai an kira ki.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Garba tela.